Taron Alhaji Isiyaku da Baba Dung

Yawancin matasan da ke zuwa shagona a Unguwar Boro neman koyon aiki, hoto ne ya kawo su. Sun ga ɗakin taro a waya, kujeru sanye da farin yadi, fitilu kala-kala, ga wata mata tsaye a gefe da dogon takalmi tana ba da umarni, sai su ɗauka aikin ke nan. Wata ta taɓa ce mini, "Anti Asabe, ni dai ki koya mini ɗaurin labule da haɗa kala, sauran ai mai sauƙi ne." Na ce mata ɗaurin labule ba zai ɗauke ta wata biyu ba. Wannan sauran da take rainawa kuwa, shi nake koyo tun tana goye, har yau ban gama ba.

Sana'ata shirya wa kamfanoni da ofisoshi taro: na ƙarshen shekara, na karrama tsofaffin ma'aikata, na buɗe sabon reshe, na bita, da wanda kamfani ke yi da diloli masu sarar kayansa. Biki da suna ba na yi, na bar wa masu haƙuri da dangin ango. Taron kamfani kamar ya fi sauƙi, tunda ba mai kuka ba mai guɗa. Amma mutanen da ke zaune a kujerun nan, abincin gidansu ya rataya ne a kan abin da za su gani su ji a wurin.

Ba da wannan na fara ba. Mahaifina daga Filato ya zo ya kama aiki a masaƙa a Kakuri, ni ma da na gama makaranta can na shiga, ina buga tafireta a ofishin kula da ma'aikata. Da masaƙar ta rufe na yi 'yan watanni ina sayar da kunun zaƙi a bakin titi a Nasarawa, sannan na tuna da Alhaji Garba Mai Rumfa na Makera. Shi ke kawo wa masaƙa rumfuna da kujeru duk lokacin da za a yi taro, ni kuma nake buga masa takardar oda, don haka mun saba gaisawa. Na same shi a ƙofar sitonsa yana duba ƙafafun kujeru. Na ce aiki nake nema. Ya dube ni ya ce, "Asabe, ke da kika saba zama ƙarƙashin fanka?" Na ce fankar ta tsaya, Alhaji. Ya yi dariya ya ce in zo ranar Litinin.

Na zaci ɗaukar kujera zai sa ni. Bai sa ni ba. Cewa ya yi in riƙa bin sa wurin masu ba da aiki, in zauna a gefe in yi shiru. In mun fito, kafin ya tayar da tsohuwar a-kori-kurarsa, sai ya ce, "Me mutumin nan ya ce?" In faɗa masa. Sai ya ce, "To me yake so?" Da farko na ɗauka tambaya ɗaya yake maimaitawa.

Aikin wani banki ne ya nuna mini bambancin. Manajan reshen matashi ne mai sauri, ya ce mana ƙaramin abu za su yi, 'yan mutane kaɗan, rumfa ɗaya ta isa. Ni har na rubuta rumfa ɗaya. Alhaji bai motsa ba. Ya ce, "Manaja, a cikin 'yan kaɗan ɗin nan, wane ne in ya zo bai samu wurin zama ba za ka kasa cin abinci?" Manaja ya ce ai shugabansu zai taso daga Legas. Shi kaɗai zai taso? A'a, da mutanensa. An gayyaci mai unguwa? An gayyata. Shi ma ba ya tafiya shi kaɗai. 'Yan kasuwar da kuke so su buɗe ajiya fa? Su ma an aika musu. Kafin mu tashi, ƙaramin abu ya cika harabar bankin har ya tsallaka titi. Manajan ba ƙarya ya yi mana ba. Tsoro yake ji kada na sama su ce ya cika son bidiri, shi ya sa bakinsa ya ƙanƙanta taron da shi kansa ya san babba ne.

Kuma Alhaji ba ya barin ofishin mutum sai ya mayar masa da maganarsa. Zai gyara zama ya ce, "Bari in faɗi abin da na ji, inda na kauce ka tare ni." Sai ya jero komai da nasa bakin: ranar, wurin, wa zai buɗe, wa zai rufe, wa zai yi addu'ar Musulmi, wa zai yi ta Kirista, mahaucin da zai yanka naman da kowa zai ci hankali kwance. A garin nan da kogi ya raba gida biyu, har da tambayar da baƙo ba zai yi tunaninta ba: daga wane ɓangaren kogi mutanenka za su taso, kuma yaushe suke so su ga sun tsallaka gada sun koma gida? Kusan kullum sai an tare shi a wani wuri, kuma nan ne aikin zai lalace da ba a yi haka ba. Na yi shekaru a hannunsa. Da ƙafa ta fara ba shi wahala, 'ya'yansa suka riƙe hayar rumfa, ni kuma ya yaye ni da 'yan kujeru, da makirufo guda, da sunayen ofisoshin da ya ce in je in ce shi ya aiko ni.

Jakar aikina ba ta da kyan gani. A ciki akwai tef na awo, almakashi, fil, igiya, salatif mai faɗi na danne wayar wuta a ƙasa, sababbin batiran makirufo, da allin da nake zana inda kowane tebur zai zauna. Takalmina ba shi da tudu, don mai wannan aikin ba ta zama. Abin da ya fi su duka amfani shi ne ƙafa: ka je wurin da kanka, kuma a daidai lokacin da za a yi taron.

Wani kamfanin inshora ya ba ni taron bita na yini guda a wani ɗakin taro a Kamazou. Matar da ke kula da ma'aikatansu ta ce an riga an zaɓi wurin, na surukin shugabansu ne. Na je da safe, wuri tsaf, iska na shiga ta ko'ina. Na koma bayan azahar, sai na tarar ashe bayan katangar masu yankan katako ne, kuma da rana suke tayar da injinsu. Ko wanda ke kusa da kai ba ka jin maganarsa. Daga nan tsaye na kira ta, na ɗaga wayar sama ta ji da kunnenta. Ta ce, "Yanzu ni zan je in ce wa oga ɗakin surukinsa bai yi ba?" Na ce ba haka za ki ce ba. Ki ce masa ɗakin ya yi da safe, bai yi da rana ba, kuma ga hanya biyu: ko a raba bitar kwana biyu a riƙa tashi kafin azahar, ko a nemi wani wuri. Ya zaɓi kwana biyu. Suruki ya ji daɗi, ma'aikata suka ji abin da aka koya musu. Labari marar daɗi ku kai shi da wuri, kuma kada ku kai shi hannu sake, ku haɗa da mafita.

Masu ba da aiki iri-iri ne. Wanda zai ce miki "yi yadda kika ga ya dace" shi ya fi haɗari, don akwai hoto a kansa da bai faɗa ba, sai ranar taro zai tuna da shi. Mai yawan kira kuma ba fitina ce ke damunsa ba, tsoro ne. Maganinsa ki riga shi kira, ki gaya masa inda aka kai. Sai sakatariyar da aka aiko da saƙon da ita kanta ba ta san dalilinsa ba. Ku girmama ta, amma ku nemi hanyar da za ku ga wanda ya aiko ta.

Shekarar korona ce ta fi kowace muni a sana'ar nan. Abin da muke sayarwa shi ne tara mutane wuri ɗaya, sai aka wayi gari tara mutane ya zama laifi. Ayyukan da aka ba ni suka zube ɗaya bayan ɗaya. Kujeru suna jibge a sito, damina ta shigo, rumfuna suka yi funfuna, ɓeraye suka yi gida a cikin fararen yadudduka. Na tara ma'aikatana na ce musu babu aiki, kuma ban san ranar da zai dawo ba. Duk wanda ya samu abin yi ya kama, in an buɗe gari zan neme shi. Ban ce musu gobe ko jibi ba. Ɗaya ya koma tuƙin keke Napep, wata ta kama suyar awara. Ni kuma na ɗauki waya ina kiran kwastomomina ɗaya-ɗaya, ba don neman aiki ba, tunda babu. Ina iyali, ina ma'aikata, yaya ake fama. Wani manaja ya ce tun da aka rufe gari ni ce ta farko da ta kira shi ba da wata buƙata ba, ya riƙe ni a waya yana ba ni labarin mahaifiyarsa da ke kwance.

A cikin kiraye-kirayen nan na faɗa kan wani kamfanin abincin kaji da ke wajen Kakuri, cikin waɗanda Alhaji Garba ya ba ni sunayensu. Su ba su tsaya ba, don kaji ba su san da kulle ba. Masara ta yi tsada, dole su ƙara farashi, kuma ba sa so diloli su ji a bakin direbobi. Babban taro kuwa ba hali. Da aka ɗan sassauta, na ce a raba dilolin rukuni-rukuni, a zauna a harabar kamfani ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro, kujeru nesa da juna, bokitin ruwa da sabulu a bakin get. Wasu na tashi wasu na zuwa. Ba labule, ba fure. Wannan aikin ne ya riƙe ni har gari ya buɗe, ma'aikatana suka fara dawowa.

Kamfanin na mutum biyu ne. Alhaji Isiyaku ɗan Tudun Wada ne, Baba Dung kuma mutumin Filato ne mazaunin Kamazou. Dukansu makanikai ne a masaƙa a da, suka haɗa hannu suka sayi injin niƙa ɗaya tun kafin masaƙu su durƙushe. Alhaji ya riƙe ciniki, Baba Dung ya riƙe injina. A zaman ƙarƙashin mangwaron nan, ɗaya ke fara magana ɗaya ya ƙarasa.

Da kamfanin zai cika shekara ashirin da biyar, Alhaji Isiyaku ya kira ni ofishinsa. Babban taro yake so, diloli daga Kafanchan da Zariya da Minna, ga ma'aikata duka, teburin manya a kan dandamali. Ina cikin rubutu sai ya ce, "Kujerar masu kamfani guda ɗaya za ki sa."

Na ajiye biro. "Baba Dung fa, Alhaji?"

"Ya ce ba zai hau ba."

"Da bakinsa ya faɗa maka?"

"Akantan kamfani ya aiko." Ya juya yana duba wayarsa. "Ni kuma ba na roƙon mutum."

Washegari na nemi Baba Dung. Ba ya ofis, aka ce kwanan nan ba ya yawan zuwa. Na same shi a gida, zaune a baranda da rediyo. Ya karɓe ni da fara'a, matarsa ta kawo mini zoɓo. Na miƙa masa tsarin taron da na zana, ya ɗan riƙe takardar, ya ajiye a cinya, ya ce in faɗa masa da baki. Na faɗa. Ya ce, "Cire sunana daga masu jawabi. Ki sa mini kujera a baya, kusa da ƙofa." Na ce me ya sa, Baba? Ya ce ya tsufa da hayaniya. Sannan ya tambaya, kamar ba komai, ko Alhaji ya ce wani abu. Na ce ya ce kujera ɗaya, saboda an gaya masa ba za ka hau ba. Ya gyaɗa kai. "To kin gani. Ko dalili bai tambaya ba."

Nan nake so ku tsaya ku duba. Umarnin nasu bai saɓa ba. Wannan ya ce kujera ɗaya, wancan ya ce a sa ni a baya. Da na bi su, ba wanda zai ce na yi laifi. Amma ba shinkafa ke kawo mutum taron kamfani ba. Dila yana baro Kafanchan ne don ya ga ko kamfanin da ya dogara da shi yana nan da ƙarfinsa. In ya shigo ya ga mai kamfani ɗaya a sama, ɗaya a bakin ƙofa, kafin a raba abinci labari ya kai kasuwa cewa an rabu. Wasu tun a mota za su fara neman wani kamfanin. Ma'aikatan injina kuma, waɗanda yawancinsu Baba Dung ne ya koya musu aiki, za su koma gida suna tunanin makomarsu.

Na koma wurin Alhaji na faɗa masa haka, ba kwana-kwana. Na ce ba zan kai tsarin taro wurin masu bugawa ba sai na ji daga bakinsu su biyu a zama ɗaya. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Madam Asabe, kujera na ce ki jera mini, ban ce ki sasanta ni da kowa ba."

Na ce, "Ban san abin da ke tsakaninku ba, Alhaji, kuma ban tambaya ba. Abin da baƙinka za su gani shi na sani. In kun zauna kun ce haka kuke so su gani, zan sa kujera ɗaya, in lulluɓe ta da yadin da ya fi kowanne kyau."

Na ɗauki jakata na fito. Kwanaki suka wuce shiru, har na ji akanta ya fara tambayar wata mai shirya taro a Barnawa. Ma'aikatana suka ce, Anti, da kin yi musu abin da suka ce kawai. Ni ma ban san yadda za ta ƙare ba. Sai ga kiran Alhaji wata safiya. Ko gaisuwa bai ja ba, ya ce, "Yaushe za a je duba ɗakin taron?" Na ce ranar Laraba da hantsi, kuma zan kira Baba Dung in gaya masa kai ma za ka zo. Ya ce, "Kira shi." Na kira Baba Dung na gaya masa daidai haka, don kada wani ya zo ya ga kamar tarko aka ɗana masa. Ya ce zai zo.

Ɗakin taron a kan hanyar Kachia yake, dandamalinsa na siminti ne mai matakala. Alhaji ya riga mu isa. Matar Baba Dung ce ta kawo shi, ta raka shi har ƙofa, ya ce ta jira a mota. Suka gaisa da Alhaji kamar waɗanda suka haɗu a layin banki. Na fara aikina: ga inda diloli za su zauna, ga wurin ma'aikata, ga ƙofar da abinci zai shigo. Na ce mu hau sama su ga yadda ɗakin yake daga teburin manya, ko da mutum ɗaya ne zai zauna. Alhaji ya haye, na bi shi. Baba Dung ya zo gindin matakala ya tsaya. Ya miƙa ƙafa yana laluben ta farko, ya janye.

Alhaji ya ce daga sama, "Ko nan ɗin ma ba za ka taka ba?"

Baba Dung ya ce, "Isiyaku, ba na ganinta."

A tsaye a wurin Baba Dung ya ci gaba da magana. Ya ce tun bara abin ya fara. Gefe-gefe ne ya soma duhu, yanzu kamar ta cikin bututu yake kallon duniya, idon hagu kuwa saura kaɗan. Shi ya sa ya daina zuwa zaman da ake miƙa takardu, shi ya sa yake aiken akanta. Ba ya so ya hau dandamali ya faɗi a gaban diloli, ko a miƙa masa jawabi ya riƙe shi a juye.

Alhaji ya sauko a hankali. "Ranar da na yi maka alama a bakin get ka wuce ni?"

"Ban gan ka ba."

"Zuwa Jos da kake ta yi fa? An ce mini masu sayen kasonka kake nema."

"Wani mai magani ne ƙanena ya haɗa ni da shi. Bai yi ba."

Alhaji ya zauna a kan matakalar da babbar rigarsa, bai ko kaɗe wurin ba. Ya ce, "Duk shekarun nan, ka rasa wanda za ka ɓoye wa sai ni?"

"Ni makanike ne. Makaniken da ba ya gani, me zai ce yana yi a kamfani?"

Nan na ɗauki tef ɗina na fita auna inda janareta zai zauna. Wannan ma yana cikin aikin, ku san lokacin da ɗaki ya daina zama naku. Na daɗe ina auna wurin da na riga na san faɗinsa. Matar Baba Dung ta leƙo daga mota ta tambaye ni ko ya faɗa. Na ce ya faɗa. Ta ce, "To, an gode Allah. Na gaji da ɓoyewa."

Da suka kira ni, na same su zaune kafaɗa da kafaɗa a matakala. Alhaji ya ce, "Madam, a rushe wancan tsarin." Muka sake daga farko, ina tambaya suna faɗa. An fasa hawa dandamali, teburin manya zai sauko ƙasa daidai da na kowa. Daɓen ɗakin mai duhu ne, na ce zan shimfiɗa kafet mai haske daga ƙofa har tebur don Baba ya ga hanyarsa, kuma ko waya ɗaya ba za ta gitta ba. Alhaji zai zauna a hagunsa, inda ba ya gani, duk mai zuwa gaisuwa ya zo ta gaba. Masu ɗaukar hoto ba za su haska masa fuska ba. Jawabi a takarda babu: mai gabatarwa zai riƙa tambaya, su biyu suna amsawa kamar hira.

Saura abu ɗaya, kuma ba ni ke da yanke shi ba. Na ce, "Baba, baƙi su sani ko kada su sani? In ka ce kada su sani, zan tsara yadda ba wanda zai lura. In ka ce su sani, wa zai faɗa?" Alhaji ya buɗe baki, ya fasa. Can Baba Dung ya ce, "Ni zan faɗa. Amma ba da farko ba. Sai sun ci abinci."

Ranar taron a mota ɗaya suka zo. Baba Dung ya bi kafet ɗin da ƙafarsa har kujera, ba wanda ya riƙe shi. Aka yi addu'a biyu, aka shiga hira. Suka ba da labarin injinsu na farko, yadda suka ɗauko shi a amalanke ruwan sama ya tsare su a hanya, har suka fara gardamar wanda ya sake shi ya faɗa kwata. Ɗaki ya cika da dariya. Bayan an ci abinci Baba Dung ya karɓi makirufo, bai ja magana ba. Ya ce, "Idona ya yi rauni. In na wuce ku ban gaishe ku ba, ba girman kai ba ne. Ku kira sunana, ku faɗa mini naku." Alhaji ya karɓa ya ce kamfanin na mutum biyu ne jiya, na mutum biyu ne gobe, kuma waɗanda Baba Dung ya koya wa aiki su za su riƙe injina, shi yana kansu.

Abin da ya biyo baya ba ya cikin tsarina. Diloli suka tashi suka yi layi a kan kafet. "Baba, Ladi ce daga Kafanchan." "Baba, Malam Sule ne na Minna." Shi kuma yana amsawa, yana tambayar wannan kajinta, wancan motarsa da ta lalace. Saura rabon kyaututtuka da jawabin godiya, mai gabatarwa yana ta kallona. Na yi masa alama ya bar su. Wata Hajiya daga Zariya ta daɗe a durƙushe a gabansa. Ashe irin ciwon ne ya kama mijinta, hawan jinin ido, ta ce ba maganin gargajiya yake so ba, asibitin ido za a je, kuma da gaggawa.

Cikin makon Alhaji da kansa ya kai shi. Idon hagu bai dawo ba. Na dama an tsayar da shi inda yake, da maganin ɗigawa kullum.

Bana da na je karɓar aikin taron diloli, na ga duk bakin matakala da gefen kwata a harabar kamfanin an shafa musu farin fenti, tun daga get har ɗakin injina. Mai gadi ya ce Alhaji ne ya tsaya a kan mai fentin har ya gama. A ofis ɗaya na same su, an jawo teburin Baba Dung kusa da taga. Ban gama zama ba Alhaji ya ce wannan karon shinkafa da kaza kawai za a yi. Baba Dung ya ce shi bai yarda ba, sai an yi gwaten acca, diloli sun gaji da shinkafa. Alhaji ya ce wa ya gaya maka?

Baba Dung ya ce, "Su suka gaya mini. Ni yanzu kowa tsayawa yake yi ya yi mini magana. Kai kuwa daga nesa suke gaishe ka su wuce."

Na ciro biro daga jaka, na gyara zama, na bar su suna yi.